Matakalar Bege a Fadar Urbino

A birnin Urbino, bisa tuddan ƙasar Italiya, fadawa da malamai da matan gidan sarauta sukan taru bayan cin abincin dare a ɗakin Gimbiya Elisabetta Gonzaga, domin mijinta, Sarki Guidobaldo, rashin lafiya kan sa shi kwanciya da wuri. A kan wannan majalisa ce Baldassare Castiglione ya gina littafinsa na kamilin bafade, wanda aka buga a Venis a 1528, ya tsara shi a matsayin hirar darare huɗu na watan Maris 1507.

A dare na ƙarshe aka miƙa magana ga Pietro Bembo, malamin da ya ɗaukaka waƙoƙin Petrarka har suka zama ma'aunin fasaha ga duk mai waƙen bege. Da hikimar Aflatun ya zo, kamar yadda Marsilio Ficino ya yi mata sharhi a Florens, yana cewa kyau haske ne daga alherin Ubangiji, mai sauka bisa fuska kamar yadda rana ke sauka bisa gogaggen kwanon zinariya. Saboda haka wajibi ne masoyi mai hankali ya fara da fuskar mace guda, ya adana surarta a zuci, ya hau zuwa kyawun dukkan halitta, sa'an nan na ruhi, har ya fana cikin asalin hasken. Wanda ya zauna da littattafan tasawwufi zai ji ƙanshin abin da ya sani.

Sai dai akwai abin da ke damuna ƙwarai, wato makomar matar da aka taka aka hau. Petrarka ya tara waƙoƙi 366, galibinsu domin Laura, wadda ya ce ya fara gani a wata majami'a ta Avinyon ranar 6 ga Afrilu 1327, amma mun san zinariyar gashinta fiye da yadda muka san muryarta.

Castiglione, a ganina, ya lura da haka. Da Bembo ya yi shiru, idanunsa na sama kamar wanda jazaba ta ɗauke, sai Emilia Pia, ɗaya daga cikin matan majalisar, ta kama gefen rigarsa ta ɗan girgiza, ta gargaɗe shi kada ransa ya rabu da jikinsa. Jim kaɗan aka farga ashe gari ya waye. Suka buɗe tagogin da ke fuskantar dutsen Catria, suka tarar taurari duk sun ɓace, sai gamzaki kaɗai.