Tsohuwar Motar Da Za Ta Ɗauki Kekuna: Abin Dubawa Kafin A Biya Kuɗi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan da aka jingine a zaure suna shan ƙura sun sake fitowa titi. Abin mamaki, yawan kekuna ya zo da buƙatar mota. Ga ɗan kasuwar da ke sarin kekuna a Kano yana kai wa kasuwannin ƙauye, ga magidancin da ke tafiya gida da Sallah yara sun kafe sai da kekunansu, ga kuma matasan da ke fita bayan gari ranar Asabar don motsa jiki. Dukkansu abu ɗaya suke nema: mota mai araha wadda cikinta zai haɗiye keke. Mai araha kuwa a wannan zamani ita ce wadda ta sha tafiya.

Da yawan masu saye, da sun zauna a kujerar direba, mitar da ke ƙirga tafiya suke fara leƙawa. In sun ga 250,000 sai gabansu ya faɗi, in sun ga 90,000 sai fuska ta saki. A ganina wannan lamba ita ce mafi raunin shaida a jikin mota. Da farko, motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirge, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne, don haka 150,000 a can ya kai kilomita 240,000. Na biyu, mayar da mita baya ba wani aiki ba ne ga wanda ya san kan wayoyin mota. Abin da ba ya ƙarya shi ne jikin motar. Dubi robar da ke kan birki da kuloci, dubi fatar sitiyari, dubi gefen kujerar direba inda ake gogawa wajen shiga da fita. Motar da mitarta ke cewa 80,000 alhali robar birkinta ta cinye har ƙarfe ya bayyana, ta riga ta ba ka labarinta. Injin da ya yi kilomita 300,000 a kan babbar hanya ana canja masa baƙin mai a kan lokaci ya fi wanda ya yi rabin haka a cunkoson gari a hannun mai ƙyuya.

To amma kai keke za ka ɗauka, don haka daga baya ya kamata ka fara duba motar, ba daga gaba ba. Keken babban mutum tsawonsa ya kusa mita biyu, wajen santimita 170 zuwa 180, ga kan keke da feda da ke cin wuri ta gefe. Motar salun mai rufaffen but, komai kyanta, za ta wahalar da kai: ƙofar but ƙarama ce, sai ka bar murfin a buɗe ka ɗaure da igiya, ƙura na shiga, feda na karce fenti. Abin da kake so shi ne mota mai ƙofar baya da ke ɗagawa gaba ɗaya, mai kujerun da ke kwantawa ko fita. Iyayenmu sun san wannan tun zamanin Peugeot 504 mai dogon baya da ake harhaɗawa a Kaduna, wadda ta yi shekaru tana ɗaukar mutane da buhuna da kekuna a hanyoyin Arewa. Yau magadanta su ne irin su Golf 3 mai dogon baya, da Peugeot 406 mai irin wannan ƙira, da Sharan wadda ake iya ciccire kujerunta na baya ɗaya bayan ɗaya har kekuna uku ko huɗu su tsaya a tsaye in an cire tayoyin gaba. Pontiac Vibe ma ta cancanci a ambace ta: sunan Amurka take ɗauke da shi, amma injinta na Toyota ne, tagwaye suke da Matrix, kuma daɓen bayanta roba ce mai tauri da baƙin man sarƙar keke ba zai ɓata ba. Sienna ta fi su duka fili, sai dai injinta mai silinda shida ba ya wasa da fetur, kuma a farashin yau wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Kada ka yarda da ido kaɗai. Je wurin dillali da kekenka, ko aƙalla da tef ɗin awo na tela. Za su yi maka dariya, bar su su yi. Gara dariyar minti biyar da cinikin biri a sama.

Wani zai ce, ai sai a sa kariya a saman mota. Ana yi, amma da sharaɗi. Yawancin ƙananan motoci nauyin da rufinsu ke ɗauka bai wuce kilo 50 zuwa 75 ba, har da nauyin kariyar kanta, kuma keken ƙarfe irin su Phoenix da Raleigh na dā ɗaya kan kai kilo 20. Kaya a sama kuma suna tare iska, su ƙara shan mai a doguwar tafiya. Mai rataye keke a ƙofar baya shi kuma ya kula kada ya rufe lambar mota ko fitilun birki, don 'yan Road Safety da VIO ba za su ɗaga masa ƙafa ba, kuma gaskiya ce da su.

Sai batun lafiyar motar. Ka tafi da bakanikenka, wanda kai ka ɗauko shi kai za ka sallame shi, ba wanda dillali ya nuna maka ba. Ku je da sassafe kafin a tayar da injin, domin injin da aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. A tayar a gabanku ku kalli salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin injin na ƙona baƙin mai, fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi yana nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba, galibi gaskit ya ƙone. Buɗe murfin baƙin mai. In ka ga wani kumfa mai launin shayi da madara, yi sallama. Tambayi yaushe aka canja bel ɗin taimin in motar mai bel ce, domin ana son a sauya shi a wajen kowane kilomita 100,000, kuma a injuna da yawa in ya tsinke a kan tafiya sai an sauke injin. In ba wanda ya sani, ɗauka ba a canja ba, ka sa kuɗinsa a lissafi.

Wuri ɗaya da masu saye ke mantawa, alhali shi ya fi shafar mai ɗaukar kaya, shi ne ƙarƙashin baya. Motar da ta yi haya a tasha, kamar yadda Golf da Sharan na hannu da yawa suka yi, ta ɗauki lodin da ya fi ƙarfinta shekara da shekaru. Danna bayanta da hannu ka saki. In ta yi ta lilo, shokozoba sun mutu. Sannan ka sunkuya ka leƙa, ka ɗaga tabarmar but ka ciro safaya taya. 'Yar Beljiyam da ta fito daga ƙasar ƙanƙara ta sha gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi, tsatsa kuma ta nan take fara ci. Injin ana canjawa, giya ana canjawa, amma ƙashin motar da ya ruɓe ba ya da magani mai ɗorewa.

Takardu kuwa ba abin sassauci ba ne. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 dole ta zo daidai a jikin mota da takardar kwastan da takardun mallaka. A farkon 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar Kwatano mai arahar da ta wuce hankali ka binciki yadda ta shigo, kada a karɓe ta a shingen farko.

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, don haka kada ka zuba duk abin da ke aljihunka a farashi da la'adar dillali. Ni shawarata, in kuɗinka kashi biyar ne, sayi motar kashi huɗu, ka riƙe ɗaya. Makon farko za ka buƙace shi wajen baƙin mai da tace, da birki, da tayoyi, tun kafin keken farko ya shiga but.