Me Ya Sa Sautin Sifika Ke Fita A Dagule?

A Birnin Kudu da Gwaram, masu gidajen kallon ƙwallo da masu son sauti a falo kan ba kafinta ya haɗa musu akwatin sifika. Sai a zuba kuɗi a sayi amfilifaya mai ƙarfi, amma muryar mai sharhi ta ƙi fita tangaran. Sau da yawa matsalar ta lokaci ce.

Sauti na gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Babbar sifika mai bes tana da zurfi, ƙaramar mai siririn sauti kuwa tana gaba-gaba, don haka nata sautin kan riga isa kunne. Tazarar ’yan santimita ce kawai, amma a inda sautukan biyu ke haɗuwa, wato yankin da kalmomi ke fitowa sarai, sai su riƙa danne juna.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Kafinta zai iya matsar da ƙaramar baya har tushen sautinta ya daidaita da na babbar. Mai na’urar DSP kuma sai ya ɗan jinkirta ƙaramar daga saiti. A gwada da muryar mai karanta labarai kafin a sayi sabuwar amfilifaya.