KAFIN KI KAI LABARINKI MAƊABA'A: ABIN DA NA GANI DA NA BUGA LITTAFINA NA FARKO

  Wasiƙunku suna isowa, kuma tambaya ɗaya ce ta fi yawa a cikinsu: "Anti, na cika littafin rubutu har uku da labari, yaya zan yi ya zama littafi?" To, yau zan ba ku amsa da abin da na gani da idona lokacin da na buga nawa na farko da kuɗin aljihuna a nan Tudun Wadar Zariya, domin kuwa na gaba idon na baya ne.

GARINMU GARIN LITTAFI NE

Da farko ina so ku san cewa wannan harka ba baƙuwarmu ba ce. A Zariya ne Hukumar Talifi, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labari a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. A nan aka soma buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Alhaji Abubakar Imam yana editanta. Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Tukur-Tukur a 1945, da ƙafa ma mutum zai iya zuwa daga unguwarmu. Daga baya kuma aka kafa kamfanin NNPC a 1966.

Amma ku duba da kyau, waɗancan littattafai biyar duk maza ne suka rubuta su. Sai a 1980 NNPC ta buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwahid, bayan ya zo na biyu a gasar da kamfanin ya shirya, kuma daga rayuwar yayarta ta samo tushen labarin. Kun ga ke nan tun farkon shigowar mace cikin wannan fage, daga cikin gida ta ɗebo ruwan da ta yi girki da shi.

Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, musamman bayan shirin SAP na 1986 da ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka fi karkata ga littattafan makaranta masu tabbacin ciniki. Shi ne marubuta suka ce in ba ka yi mini ba, ni zan yi wa kaina. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a 1991. A Kano wasu marubuta suka haɗa ƙungiyar Raina Kama suna taimakon juna. Wannan hanya da suka share ita muka bi.

INDA NA SAMO LABARINA

Ni ban je nesa neman labari ba. Iya, kakata ta wajen uba, ita ce tushensa. Tana 'yar yarinya aka kawo ta Tudun Wada daga ƙauyensu a matsayin mata ta uku, a lokacin da unguwar take matattarar baƙi 'yan Arewa masu neman abinci tsakanin birni da Sabon Gari. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta rantse 'yarta sai ta shiga. Da maigidan ya ce ba shi da kwabon da zai kashe a kan bokon 'ya mace, sai ta kafa kaskon ƙosai, yara suna kai mata talla bakin tsohon asibitin Tudun Wada, tun kafin a mayar da asibitin koyarwa Shika. Da wannan kasko ta yi wa 'yarta kayan makaranta har ta zama malama.

Wannan labari na ɗauka na yi masa ado da soyayya, na sa kasuwar Tudun Wada a ciki, da gadar Kubanni, da ƙurar hunturu, da hayaniyar gidan yawa. Wallahi da masu karatu suka soma aiko da saƙo, abin da suka fi yabawa shi ne sun ga gidajensu a ciki, alhali kuwa gidanmu kaɗai na kalla na rubuta.

Sai dai fa labarin gida wuta ne, yana dafa abinci kuma yana ƙona ɗaki. Tun kafin in gama rubutu magana ta kai kunnen Goggo, wato ita malamar da ake magana a kanta. Ta aiko aka kira ni, ta ce, "Yanzu ke asirin gidan ubanmu za ki kai kasuwa a saya a karanta a tasha? Mutumin da yake kabari za ki tona?" Na durƙusa na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, ba za a buga ko harafi ɗaya ba sai Iya ta ji da kunnenta."

Dare bakwai ina karanta wa Iya, Goggo tana gefe tana saurare. Na riga na sauya sunaye, na sauya sana'ar maigidan, na haɗa kishiyoyi biyu suka zama mace ɗaya. Duk da haka da muka zo wani wuri da ya shafi uwargidan, Iya ta ɗaga hannu ta ce, "Cire wannan, 'yar nan. Ta rasu, na yafe mata, kuma 'ya'yanta suna gaishe ni." Wurin nan shi ne ya fi kowane daɗi a littafin, amma na cire. Da muka zo maganar kasko da makaranta kuwa, cewa ta yi, "Wannan ki bar shi, ki ma ƙara, don masu hana 'ya'yansu su ji." Goggo ba ta ce uffan ba, sai da zan tafi ta miƙo mini kuɗi a ƙulle cikin gefen zane ta ce in ƙara a na takarda.

Shawarata ke nan ga duk mai rubuta labarin danginta: mai labari ya ji kafin duniya ta ji. Littafi in ya fita ba a iya kiransa ya dawo, zumunci kuwa in ya tsage ɗinkinsa da wuya.

KUƊI DA MAƊABA'A

Kuɗin bugu adashe na shiga na tara, na haɗa da tunkiyata biyu da na sayar. Kada ki kuskura ki taɓa kuɗin makaranta ko na jarrabawa, kada kuma ki ci bashin da za a zo ana buga wa iyayenki ƙofa, domin kuɗin littafi a hankali yake dawowa, wani lokaci ma ba ya dawowa duka. Dalilin da ya sa kuka ga littattafanmu suna fitowa na ɗaya, na biyu, na uku, ai ba don jan rai kaɗai ba ne. Cinikin na ɗaya shi ke buga na biyu.

Kafin ki kai aikinki ko'ina, nemi malamin Hausa ko malama su duba miki ƙa'idar rubutu. Nan ne aka fi kama mu. A rubuta "ya na" a maimakon "yana", a bar ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, har "ƙafa" ta koma "kafa", "ɓata" ta koma "bata". A garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da sashen da ake koyar da Hausa, ba ki da hujjar fitar da littafi da irin wannan kuskure. A zamaninmu mai tafireta muke kai wa, yanzu kuwa kwamfuta ce ko waya, amma ko da me aka buga, ki karɓo ki karanta da kanki sau biyu kafin a ɗora a faranti, domin da zarar an yi faranti gyara sai da sabon kuɗi.

In kin je maɗaba'a kada ki je ke kaɗai, tafi da yayanki ko kawunki. Ki tambayi wurare biyu ko uku kafin ki tsaya. Ki sani cewa babbar takarda ake bugawa a ninke, shi ya sa suke lissafin shafuka 16 ko 32 a tare, don haka in littafinki ya haura da shafi biyu kacal, gara ki rage su da ki biya kuɗin takarda guda. Takardar jarida ta fi araha amma tana saurin yin ja, farar takarda ta fi kyau ta fi tsada. Bango kuwa shi ne fuskar amarya, amma kada ki sa hoton 'yar mutane ba da izininta ba.

Duk abin da kuka shirya a rubuta: kwafi nawa, wace takarda, wace rana. Ki ba da kafin alƙalami ki karɓi rasit, cikon kuma sai kin ƙirga littattafanki, kin buɗe wasu daga kowane ƙunshi kin tabbata babu shafin da ya juye ko ya fita fari. Haka na yi, kuma a ƙirgar nan ne na tsinci ƙunshi guda da shafukan tsakiya suka ɓace, aka sake mini shi ba da gardama ba saboda takardar yarjejeniya tana hannun Yaya.

Kada ki manta da lambar ISBN, wadda Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa, kuma doka ta ce mai buga littafi ya ajiye musu kwafi 3. Da yawa daga cikin littattafan zamaninmu ba a yi musu haka ba, shi ya sa yau wasu ko mai su ba ta da kwafi.

KASUWA BA TA DA UWA

Ranar da aka sauke kwalaye a zauren gidanmu na ɗauka an gama. Ashe an fara ne. A wancan lokaci Kano ce cibiyar cinikin, can manyan diloli suke, daga hannunsu littafi ke bazuwa zuwa Katsina, Sakkwato, Jos, har Maraɗi da Damagaram. Tsarin kuwa shi ne su karɓa bashi, sai sun sayar su biya. Akwai masu amana a cikinsu, Allah Ya saka musu. Akwai kuma wanda na yi wa sawu huɗu daga Zariya, kullum "Hajiya a dawo wani mako", har kuɗin mota ya kusa cinye abin da nake bi. Don haka kada ki zuba kayanki duka a hannu ɗaya, kuma duk wanda ya karɓa ya sa hannu a littafin lissafinki.

Abin da ya fi taimakona shi ne na kusa da ni: masu shagon littattafai na Tudun Wada da Sabon Gari, ƙawayena da suka riƙa kai wa gidajen biki da suna, da masu ba da hayar littafi. Da farko haushin 'yan haya nake ji, kwafi ɗaya mutum ashirin su karanta, amma su ne suka sa aka san sunana har aka zo ana tambayar na biyu.

ZA A YI MAGANA, KI SHIRYA

Duk macen da ta ɗauki alƙalami sai an yi magana a kanta. A shekarun 1990 an yi ta muhawara a jaridu kan waɗannan littattafai, inda Malam Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, wasu malaman irin su Abdalla Uba Adamu kuma suka tsaya musu. A 2007 har ƙone wasu littattafai aka yi a bainar jama'a a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, bisa zargin suna ɓata tarbiyya. Gaskiyar magana, a cikinmu akwai masu rubuta abin da ba za su iya karantawa a gaban iyayensu ba, kuma su ne suka ja wa kowa. Amma a cikin littattafan nan ne aka fito fili aka yi maganar auren dole, da sakin wulaƙanci, da cire yarinya daga aji. Hajiya Balaraba, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne kuwa an fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga shi a 2012. Abin da aka raina a kasuwa, ga shi ya ƙetare teku.

Ma'aunina ɗaya ne, kuma shi nake ba ku: in ba za ki iya karanta shafin a gaban kakarki ba, sake shi.

KU 'YAN ZAMANI

Yau kasuwar littafin takarda ta ja baya ƙwarai, karatu ya koma waya. Yarinya tana ɗakinsu za ta saki labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, mutane su biya ta asusun banki, ba faranti ba kuɗin mota. Wannan sauƙi ne da mu ba mu samu ba. Amma shi ma da nasa ciwon: mutum ɗaya ya saya ya tura wa ɗari, wata ma ta goge sunanki ta sa nata. Saboda haka ki ajiye rubutunki na asali da kwanan wata, kada ki tura wa kowa cikakken labari don ya ce zai "duba miki", kuma ki sani dokar haƙƙin mallaka tana kare aikinki. Ki yi hattara da namijin da ba ki sani ba da zai ce zai buga miki littafi kyauta in kin zo ku gana. Duk mai son taimako na gaskiya ba ya gudun sallama da iyayenki.

Akwai kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta soma a 2016 domin mata marubuta gajerun labarai. Gwada hannunki a gajeren labari kafin ki ɗauki dogo, domin da rarrafe yaro kan tashi.

Ke kuma 'yar makaranta, jarrabawarki ita ce gaba. Rubutu ba ya gudu, ki yi shi a hutu. Abin da ke gudu shi ne tsofaffin gidanku. A hutun nan ki sami kakarki ko goggonki bayan sallar isha'i, ki tambaye ta yadda aka kawo ta gidan, me aka yi mata na gara, wa ya share mata hawaye a shekarar farko, wace sana'a ta riƙe ta. Ki rubuta yadda ta faɗa da irin kalmominta, ko da ba ki buga shi bana ba.

A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu za mu duba yadda ake gina tauraruwar labari har mai karatu ya ji kamar ya san ta. Allah Ya ba ku sa'ar karatu, Ya haɗa kowa da abokin zama nagari, amin.

Taku har kullum,
Antinku ta Tudun Wada, Zariya.