Magungunan Ciwon Daji da Yadda Su ke Aiki a Jiki

Hausawa suna kiran cutar nan da sunaye biyu, daji da sankara. Kalmar daji kuwa tana da faɗi, gama a ƙasar Zamfara, kamar sauran ƙasar Hausa, a kan kira kumburi mai zafi ko gyambon da ya ƙi warkewa da wannan suna. Abin da likitoci su ke nufi shi ne tsiron da ke fitowa sa'ad da waɗansu ƙwayoyin halitta na jiki suka yi ta rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, ba tsayawa. Akwai kuma wata magana da ta bazu, wai daji ba ya son allura. Sabo da ita, sau da yawa majiyyaci daga Tsafe ko Bungudu ba ya isa asibiti a Gusau sai cuta ta ci jiki. Alhali kuwa galibin magungunan cutar ta allura da ƙarin ruwa a ke ba da su, watau abin da likitoci ke kira kemoterafi.

Asalin magungunan daga guba ne. An lura cewa wata iskar guba da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Farko tana lalata ɓargo da fararen ƙwayoyin jini. A 1942 likitocin Jami'ar Yale ta Amurka suka gwada wani danginta a kan mai dajin kaluluwa, tsiron ya sace na ɗan lokaci. A 1958 Denis Burkitt ya bayyana wani daji da ke kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, wanda kuma a ke samu a Nijeriya da sauran ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa. Aka tarar magani yana narkar da shi cikin 'yan kwanaki. Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru, ya yi aiki a kan wannan cuta a Ibadan, har ya sami lambar Lasker a 1972.

Kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da wani zare mai tufka biyu, wanda a ke kira Di-en-e, kuma ba ta rabuwa sai ta warware shi ta kwafe shi. A nan magunguna su ke tare ta. Saiklofosfamid ya kan ɗaure tufkar biyu wuri ɗaya, ta kasa warwaruwa. Ba ya aiki sai hanta ta sarrafa shi, sa'an nan ragowarsa ta kan bi fitsari ta ƙona mafitsara, shi ya sa a ke sa majiyyaci shan ruwa da yawa. Metotireksat ya yi kama da sinadarin folik, wanda a ke samu a ganye irin su alayyafo. Ƙwaya ta kan karɓe shi bisa kuskure, sai ta rasa kayan saƙa sabon zare. Binkiristin daga wani fure na tsibirin Madagaska a ke samunsa. Shi kuwa ya kan hana ƙwaya raba zarenta gida biyu, kuma ya kan jawo mutuwar yatsu da taurin ciki. Doksorubisin ja ne, har fitsari ya kan yi ja kwana ɗaya ko biyu, amma akwai iyakar da ba a ƙetarewa a duk rayuwar mutum, domin yana raunana zuciya. A kan haɗa biyu ko uku ko fiye, don ƙwayar da ta kuɓuce wa ɗaya ta faɗa hannun wani. A kan auna tsawon majiyyaci da nauyinsa kafin a yanka masa adadi.

To, magani ba ya bambanta ƙwayar cuta da mai lafiya, duk mai saurin rabuwa ya ke kamawa. Masu saurin rabuwa a jiki su ne na ɓargo, da tushen gashi, da fatar baki da ta hanji. Wannan ne dalilin zubar gashi da gyambon baki da gudawa, kuma gashi ya kan tsiro bayan an gama. Abin tsoro shi ne ɓargo. Fararen ƙwayoyin jini, masu tsare jiki daga cuta, su kan yi ƙasa ƙwarai tsakanin kwana 7 da 14 bayan allura, su farfaɗo wajen kwana 21. Don haka a kan ba da yawancin magungunan mako uku-uku, a kuma gwada jini kafin kowane zagaye. Zazzaɓi a cikin waɗannan kwanaki lalle ne a kai shi asibiti nan da nan, kada a ɗauka na cizon sauro ne a tsaya sayen ƙwaya a kemis.

Saura dalilin maimaitawa. A 1964 Howard Skipper da abokan aikinsa suka nuna cewa kowane zagaye kaso ya ke kashewa daga cikin ƙwayoyin da ya tarar. Tsiro mai faɗin santimita 1 ya kan ƙunshi ƙwayoyi wajen miliyan 1,000. A misali, in zagaye ɗaya ya kashe 99 cikin 100, saura miliyan 10, hannu kuwa ba zai ji kome ba. Na biyu ya bar 100,000, na uku 1,000, ban da waɗanda suka hayayyafa a tsakani. Manomi ya san wannan. Wanda ya yi noman firi ya ga gona fes, ya ƙi komawa maimai, ciyawa za ta cinye masa gero. Bambancin kawai shi ne, ƙwayoyin da suka tsira sau da yawa su ne masu taurin kai, in tsiro ya dawo maganin farko ba lalle ya ci shi ba.

A nan wahala ta ke ga mutanen wannan yanki. Wanda cutarsa ta buƙaci gashi da na'ura a kan tura shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kusa da Zariya. Mutumin Bungudu ya bi ta Talatar Mafara, na Tsafe ya bi ta Funtuwa. Ga kuɗin mota, ga na magani, ga aikin damina. In kumburi ya sace bayan zagaye na biyu, gashi kuma ya zube, sai dangi su ce ko dai an warke, ko kuwa allura ce ke kashe shi, a daina zuwa.

Malaman da ke horar da malamai suna da abin yi a nan, gama ɗalibansu za su koma garuruwan da a ke wannan shawara. Abu uku ya kamata su tafi da su: a kai kowane tsiro ga likita tun yana ƙarami, a san cewa zubar gashi aikin magani ne mai wucewa, a kuma cika adadin zagayen da likita ya yanka ko da kumburi ya ɓace.