Soja Ya Dawo Gida, Hankalinsa Bai Dawo Ba

Akwai wani wasan silima na Ingila mai suna The Return of the Soldier, watau Dawowar Soja, wanda aka fitar a 1982. Daga littafin da wata Baturiya, Rebecca West, ta wallafa a 1918 aka ɗauko shi. Labarin wani kyaftin ne, Chris Baldry, wanda aka komo da shi gida daga fagen fama a Faransa zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ko ƙwarzane babu a jikinsa, amma rugugin igwa ya shafe masa shekaru masu yawa daga tunaninsa. Ya dubi matarsa bai shaida ta ba, sai cigiyar wata budurwarsa ta ƙuruciya yake yi, alhali kuwa ta daɗe a ɗakin wani. Daga ƙarshe aka nuna masa rigar ɗansa da ya rasu yana ƙarami, sa'an nan ya tuna kome. Amma fa warkewar nan ita ce za ta sa a mai da shi bakin daga.

Wannan ciwo ba ƙagen masu wasa ba ne. A 1915 wani likitan sojan Ingila, Charles Myers, ya bayyana shi a jaridar likitoci, da sunan da za mu iya cewa firgitar igwa. Mai ita yakan yi ta makyarkyata, ko bakinsa ya rufe, ko barci ya gagare shi, ko ya mance ko shi wane ne. Sojan Ingila wajen 80,000 aka yi wa jiyyarta a yaƙin nan. Manyan soja da yawa kuwa suka ɗauke ta ragwanci. An harbe soja 306 bisa laifin gudu ko tsoro da makamantansu, cikinsu har da waɗanda ake kyautata zaton marasa lafiya ne, ba a yafe musu ba sai a 2006.

To, mu ma nan ƙasar abin bai tsallake mu ba. A Yaƙin Duniya na Biyu an ɗebi samari dubbai daga Arewa, galibi ta hannun hakimai da dagatai, aka sa su cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka haye teku da su zuwa Bama. Can suka gwabza da Japan cikin kurmi da ruwan sama da zazzaɓi, a kwarin Kaladan a 1944, da Myohaung a Janairun 1945. Barikin Dalet na Kaduna da na Chindit a Zariya daga yaƙin nan suka samo sunansu. Da aka fara komo da mutane, sai aka tarar waɗansu hankalinsu ya taɓu, har a 1944 aka mai da wani tsohon gidan yari a Lantoro, Abeokuta, wurin ajiye irinsu. Daga nan asibitin Aro ya samo asali, inda Dokta Thomas Adeoye Lambo ya soma wata dabara a 1954, watau majiyyaci ya zauna a ƙauyen da ke kusa tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti karɓar magani. Ya gane dangi ma magani ne.

Wanda ya wuce gida kai tsaye fa? A ƙauyukanmu, in an ga tsohon soja yana zabura don an buga bindiga ran salla, ko yana maganar wuraren da ba wanda ya sani, akan ce iska ce ta buge shi a ƙasar baƙi, yara su bi shi da eho. Barikoki sun riƙe sunayen garuruwan Bama, amma sunayen mutanen da suka je can sun ɓace mana. Ashe mantuwarmu ta fi ta kyaftin ɗin nan muni, don shi ciwo ne ya sa shi.

Maganar ba ta zama tarihi ba tukuna. Tun 2009 'ya'yanmu ke faɗa a Barno da Yobe, ga kuma mata da yara da suka tsere wa 'yan bindiga. Tun 1980 likitoci suka sa ciwon cikin jerin cututtukan da aka sani, ana kuwa samun sauƙinsa da magani da zama da likita ana tattaunawa.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta da ma'aikatan hukuma na Gaya da Ajingi da Balan abu biyu. In kun ga wanda ya dawo daga fama ya sāke hali, kada ku bari a ɗaure shi da mari ko a yi masa dariya. Ku shawarci danginsa su raka shi asibitin Dawanau a Kano, su kuma zauna kusa da shi. Na biyu, ku da alƙalami ke hannunku, ku bi gidajen da aka san kakansu ya je Bama, ku rubuta sunansa da lambarsa da abin da ya faɗa wa 'ya'yansa, tun masu tunawa ba su ƙare ba. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiya lafiya, amin.