Darasin Aikin Hannu: Kayan Koyarwa Suna Nan A Gonakin Matazu

Duk wanda ya yi makarantar firamare a ƙasar nan zai tuna da darasin aikin hannu. Zai kuma tuna yadda a makarantu da dama darasin ya rikiɗe ya zama ciniki. Ƙarshen zango ya zo, malam ya ce kowa ya kawo aikinsa, yaro ya karɓi kuɗi wurin uwarsa ya sayo tsintsiya ko faifai a kasuwa, a ba shi maki. Yaron nan bai koyi saƙa ba, abin da ya koya shi ne ana iya sayen maki. Hasara ta zama biyu ke nan.

Alhali kuwa da aikin hannu ilmin boko ya fara a Arewa. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'a, inda ake koyar da dukanci da ƙira da kafinta. Da aka soma shirin ilmin firamare kyauta a 1976 ajujuwa suka cika maƙil, aka tsara manufar ilmi ta ƙasa a 1977, wadda ta nanata koyar da sana'a. Amma takarda daban, aji daban. Uzurin da aka saba ji shi ne babu kayan aiki, Gwamnati ba ta aiko ba.

To, a ƙasa irin ta Matazu, da maƙwabtanta Musawa da Kankiya, wannan uzuri ba shi da ƙafa. Yanki ne na dawa da masara da auduga, audugar da ta sa aka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, har aka kafa masaƙar Funtuwa a 1978. Abin da ake bukata shi ne malami ya ɗora darasinsa bisa shekarar manomi, ya ba kowane zango jigo guda, gwargwadon abin da ƙasa ta bayar a lokacin.

Zango na farko, daga Satumba zuwa Disamba, kaka ce, jigonsa kara da auduga. 'Yan aji ɗaya zuwa uku su ɗauki kara, su raba ɓawo da totuwa, su haɗa mota da keji da tabarau. Wasa ne da suka riga suka iya a gida, sai dai a aji za a sa su auna tsawo, su ƙirga, su daidaita ƙafafun mota, watau lissafi ya shigo ba tare da sun ankara ba. Manya kuwa su bi auduga tun daga gona: a gurje ta a fid da angurya, a shiɓe da baka, a kaɗa da mazari, ana shafa alli a yatsa, har zare ya fito. Yarinyar da ta kaɗa abawa da hannunta ba za ta ƙara kallon zane kamar daga sama ya faɗo ba.

Zango na biyu rani ne, iska a bushe, jigonsa yumɓu da kaba. Lokacin ne kasko da asusu za su bushe lafiya a inuwa, a kuma zauna saƙar tabarma da mafici. Zango na uku damina ta kankama, sai a koma cikin aji a kama allura da zare, a kuma shuka duma da rama a bayan makaranta. Da kaka ta zagayo za a fafe ƙwarya da ludayi, a tufka igiya, makaranta ta noma kayan aikinta da kanta.

Wajen gudanarwa akwai abubuwan lura. Ba kowane malami ne ya iya kaɗi ko ginin tukwane ba, kuma ba abin kunya ba ne. Shugaban makaranta ya je ga mai unguwa, a nemo tsohuwa mai mazari ko maginiya, ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗan yi mata ihsani. A raba yara rukuni rukuni, biyar ko shida, wuƙa da basilla su zauna a hannun malam. A wannan zamani na rashin tsaro kada a tura yaro daji neman ciyawa ko yumɓu; iyaye su kawo daga gona. Babban sharaɗi kuwa, kada a ba da maki sai ga abin da aka yi a gaban malam, ko da ya karkace.

Jami'an ilmi na ƙananan hukumomi da ɗaliban kwalejojin horon malamai, ku ne da wannan aiki. Tsofaffin da suka iya kaɗi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, wadda ta tafi kuwa da iyawarta take tafiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu farga.