KULA DA TIRELAR SHANU DA MATSALAR FACI A HANYAR KWATANO

Duk wanda ya taɓa loda shanu a Gogunu ko Faraku ya nufo Kwatano ya san facin motar shanu daban yake da na motar siminti. Siminti zai kwana biyu a bakin hanya ba abin da zai same shi. Amma in tirela mai rufi ta tsaya da rana tsaka, iska ta daina shiga, zafi ya taru, kafin a ankara sa ɗaya ya kwanta sauran sun tattake shi. Asarar kuwa ta mai dukiya ce. Saboda haka kada a bar wa direba shi kaɗai duba mota, musamman da yake daga Malambil zuwa Kwatano ya haura kilomita 700.

KAFIN A LODA

A auna iskar kowace taya da ma'auni tun da safe tana sanyi, har da ta ajiya. Bugun taya da ƙarfe da yaran mota ke yi ba ya nuna ƙarancin iska sai ta sace sosai. Tayar da iska ta yi wa kaɗan lanƙwasa take yi tana ɗaukar zafi har ta fashe. Haka kuma in ta yi zafi a hanya, kada a rage mata iska.

A kula da tayoyin da ke jere biyu-biyu. In ta ciki ta sace, ta waje ce ke ɗaukar nauyin duka, nan da nan ita ma ta bi. A cire duwatsun da suka maƙale a tsakaninsu.

Mai sayen taya 'yar gwanjo ya duba gefenta. Tun shekarar 2000 ake buga lambobi huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya ko zanenta bai cinye ba, robar ta bushe.

Sai lodi. Doka ta 14 ta ƙungiyar UEMOA, ta shekarar 2005, ta ƙayyade tan 11.5 ga aksil guda, ga kuma wuraren biyan kuɗin hanya da awo irin su Siraru, Diho da Hwegbo. Cusa shanu fiye da kima yana kashe taya, yana kuma galabaitar da dabba.

BODIN TIRELA

Fitsarin shanu yana cin ƙarfe, yana ruɓar da katako. A wanke bodi bayan kowace sauka, a bar shi ya bushe. A duba katakon ƙasa, domin ƙafar sa in ta burma, sai wuƙa. A cire ƙusoshi, a zuba yashi saboda santsi, a sa giris a sakatar ƙofa, kada kuma tamfol ya toshe kafofin iska.

IN FACI YA AUKU

Direba kada ya taka birki da ƙarfi, ya rage gudu sannu a hankali, ya nemi wuri mai tauri wanda ba gangara, in da inuwa ya fi. A sa alamar tsayawa nesa gaba da baya, a sa waigi a tayoyi. A sassauta notuna kafin a ɗaga, a ɗora jak a kan katako mai kauri. Shanu suna motsi, nauyi yana karkata, don haka kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Yaro guda ya tsaya yana duba dabbobi, wanda ya kwanta a tashe shi.

Bayan an yi kilomita 50 zuwa 100 a tsaya a sake ɗaure notuna. A kai tayar wurin mai faci a gari na gaba, kada a ce sai an isa Zango. Wadda ta tsage a gefe kuwa ba ta ɗaukar faci, a haƙura da ita.

A ƙarshe, a yi ƙoƙarin wuce Kalabi da asuba kafin cunkoson shiga Kwatano, domin tsayuwar cunkoso da ta faci duk ɗaya ne a wurin sa.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka, amin.